Ruwan gishirin da ke fitowa tare da gas, wai in an mayar da shi ƙarƙashin ƙasa ba zai taɓa ruwan shanmu ba?

Ɗan_Duguri:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar haƙar gas da mai, injiniyoyi da masana duwatsu da duk wanda ya taɓa aiki a filin. Ni mutumin Alkaleri ne, kuma tun da aka zo aka ƙaddamar da aikin Kolmani a Nuwamban 2022 aka ce akwai ɗanyen mai sama da ganga biliyan 1 da gas ƙafa kubik biliyan 500, hirar da kowa ke yi a wajenmu ta samun aiki ce da titi da wuta. Ni kuwa ruwa ne ya tsaya min a rai. An ce min rijiyar gas ba gas kaɗai take fitarwa ba, akwai wani ruwa mai mugun gishiri da ke biyo shi, kuma wai kamfanoni sukan haƙa wata rijiya daban su dinga ɗura shi can ƙasa ya zauna har abada. To mu da rijiya da burtsatse ne duk abin da muka dogara da su, mu da dabbobinmu, ga Wikki nan a Yankari ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa dare da rana, ta yaya za a ce min a zuba dagwalo a ƙasa kuma ba zai haɗu da wanda muke sha ba? Sannan na ji ana cewa a Amurka wannan ɗurin har girgizar ƙasa ya jawo, gaskiya ne ko zuzutawa ce? Me ya hana a tace shi kawai a ba manoma? A yi min bayani yadda zan iya maimaita wa mutanen gari, Allah ya saka da alheri.

Injiniya_MK:

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Duguri. Tambayarka a kan hanya take, kuma gara a yi ta yanzu da a yi ta bayan an gama gina komai.

Shi wannan ruwan ba kamfani ne ya kai shi can ba, tun asali yana nan cikin ƙofofin dutsen tare da gas ɗin, yawancinsa ragowar ruwan tsohuwar teku ne da ya maƙale shekaru miliyoyi yana narkar da abin da ke jikin dutse. In ka buɗe rijiya matsi ya ragu sai su taho tare, a sama akwai tukunyar da ke raba su, gas ya bi bututunsa ruwa ya tafi tanki. Ruwan teku gishirinsa wajen giram 35 ne a lita guda, to na dutsen Marcellus da ake haƙar gas a Pennsylvania yakan wuce giram 200, ka ga ba maganar ban ruwa a nan, in ka zuba shi a gona ko ciyawa ba za ta ƙara fitowa ba sai an daɗe. Kuma ba gishiri kaɗai ba, akwai bariyom da sitirontiyom da buromid, akwai wani sinadari mai guba da ake kira benzin da ke narkewa a ciki daga man da ke biyo gas ɗin, akwai sinadaran da mu kanmu muke zubawa don hana tsatsa da daskarewar bututu irin su metanol, wani wurin har da radiyom mai tururin nukiliya. Tacewa ana iyawa, amma injin tace ruwan teku ba ya ɗaukar gishiri mai yawan wannan, sai dai a dafa shi ya zama tururi, wuta mai yawa kenan, kuma in ka gama sai ka tashi da tsibin gishiri mai guba wanda shi ma sai ka nemo masa wurin zama. Shi ya sa ɗurin ya fi arha nesa ba kusa ba. A Amurka ruwan da rijiyoyin mai da gas ke fitarwa ya haura ganga biliyan 20 a shekara, ganga ɗaya lita 159 ce, kuma mafi yawansa ƙasa ake mayar da shi.

Yadda ake gina rijiyar ɗurin kuwa, ba rami ne kawai a buɗe ba. Ana fara haƙawa a wuce duk inda ruwan sha yake, a saka babban bututun ƙarfe a cika bayansa da siminti tun daga ƙasa har sama, sannan a ci gaba a saka na biyu a cikinsa shi ma a yi masa siminti, sannan a zura siririn bututu na uku wanda shi ne ruwan ke bi, a ƙarshensa akwai wata roba da ke toshe ratar da ke tsakaninsa da na biyun. Ita wannan ratar ana cika ta da ruwa mai tsafta a sa mata agogon matsi, in agogon ya motsa ka san wani wuri ya huje. Wurin da ake ɗurawa kuma dutse ne mai ƙofofi da ke can kilomita 1 ko 2 ko 3 a ƙasa, wanda ruwan cikinsa dama mai gishiri ne, kuma dole a samu shimfiɗar dutse marar ƙofa a samansa ta zama murfi. A Amurka dokar ruwan sha ta 1974 ce ta kawo tsarin, rijiyoyin ana ce musu aji na biyu, sun kai wajen 180,000, kashi 20 cikin 100 ne na zubarwa zalla, sauran ana ɗura ruwan ne don ya ingizo mai. Duk ruwan ƙasan da gishirinsa bai kai giram 10 a lita ba doka ta ɗauke shi a matsayin wanda za a iya sha wata rana, ba a taɓa shi sai in hukuma ta ba da izini na musamman, kuma ana gwada lafiyar rijiyar aƙalla duk shekara 5.

Maganar girgizar ƙasa gaskiya ce, ba zuzutawa. Wadda ta fi dacewa da tambayarka ita ce ta Arkansas saboda can gas zalla ake haƙa a dutsen Fayetteville. Tsakanin garuruwan Guy da Greenbrier ƙasa ta fara rawa a 2010, ƙanana ƙanana sama da 1,000, har ranar 27 ga Fabrairun 2011 aka yi mai maki 4.7 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa. Aka rufe rijiyoyi biyu a watan Maris abin ya lafa, a Yuli hukumar mai da gas ta jihar ta hana ɗuri a yankin gaba ɗaya. A Youngstown ta Ohio ma haka, rijiya ɗaya tak mai suna Northstar 1 da aka haƙa har ta shiga dutsen tushe, wato tsohon dutsen da ke ƙarƙashin duka sauran, ranar ƙarshe ta 2011 aka yi mai maki 4.0 a garin da bai san girgiza ba. Oklahoma ce babbar, kafin 2009 mai maki 3 ko fiye ɗaya ko biyu ake yi a shekara, a 2015 aka yi wajen 900, sannan ta Pawnee ranar 3 ga Satumban 2016 mai maki 5.8.

Dalilin kuwa, can ƙarƙashin duwatsu masu shimfiɗa akwai tsohon dutsen tushe mai tsage-tsage, kuma tsagar dama a ɗane take, ƙarfin ƙasa na tura ta amma goguwar ɓangarorin biyu ta riƙe ta. Kamar tirela ce da kaya a kan gangare an sa mata weji a taya, ruwan ba shi ke tura motar ba, wejin yake zarewa. Matsin da kake ƙarawa yana tafiya cikin dutse kilomitoci har ya isa tsagar ya sassauta riƙon. A Oklahoma dutsen Arbuckle da suke ɗurawa kusan zaune yake kai tsaye a kan dutsen tushen, shi ya kawo abin. Da hukuma ta sa aka toshe gindin rijiyoyin da suka yi zurfi da yawa aka kuma rage ɗurin da wajen kashi 40, zuwa 2019 girgizar ta dawo ƙasa da 100 a shekara. A ganina dai ɗuri shi ne mafi dama-dama cikin hanyoyin da ake da su, in an zaɓi dutsen da kyau kuma ba a yi haɗamar cusa masa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Mai_Tanka_Columbus:

Salam 'yan uwa. Injiniya ya yi bayani na ilimi, ni bari in faɗi abin da ido ke gani don wannan ruwan shi nake ɗauka a tanka, shi ne abincina. Ni ɗan zangon Kumasi ne amma a Ohio nake zaune, mukan ɗauko daga rijiyoyin gas na gabashin jihar da kuma na Pennsylvania mu kawo wajen ɗuri. Abin da ya sa muke wannan doguwar tafiyar, Pennsylvania rijiyoyin ɗurinta 'yan kaɗan ne ita kuwa Ohio tana da sama da 200. Da can ma matatun ruwan gari suke kai shi a ɗan gauraya a saki a kogi, sai aka ga gishiri da buromid suna hawa a ruwan da mutane ke sha, a 2011 gwamnatin jihar ta ce a daina. Yanzu mafi yawansa sake amfani da shi suke yi wajen fasa dutsen sabuwar rijiya, abin da ya rage shi muke kwasowa.

Malam Ɗan Duguri, wallahi ni abin da zan ce ka sa wa ido ba can ƙasa ba ne, nan sama ne. Kafin ruwan ya kai bakin rijiya ya bi ta tanki, ya bi ta tiyo, ya bi ta mota, ya bi ta famfo, kuma kowane ɗaya wurin yoyo ne. Gishirin nan cin ƙarfe yake kamar me, bawul ɗin da ka gani sabo fil bayan ɗan lokaci ya yi ja ya fara ɗiga, takalmin aiki na fata in yana jiƙa shi sai ya ƙanƙance ya tsattsage. Tanka ta kife a kwana ruwan ya gangara rafi, kifi ya mutu, wannan ya fi girgizar ƙasa yawan faruwa sau nawa. Sannan akwai marasa tsoron Allah, direban da aka biya shi ya kai wajen ɗuri ya ga layi ya yi tsawo sai ya sami wani lungu da daddare ya buɗe bawul. A nan akwai takardar da ke bin kowane lodi, an rubuta ganga nawa ka ɗauka, daga ina, ka sauke a ina, wa ya karɓa, duk da haka ana kama masu yi. To ina ga inda ba mai duba takardar?

Wani abin kuma da ba a cika faɗa wa sababbin direbobi ba, in ka hau saman tanki za ka buɗe murfi kada ka sa fuskarka, akwai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake sai dai a ga mutum ya faɗi. Muna maƙala ƙaramar na'ura a ƙirji tana ƙara in ta ji ta. Ga laka da ke taruwa a gindin tanki da ɓawon da ke kama cikin bututu, a nan radiyom ɗin da Injiniya ya ambata yake taruwa. Wannan ina faɗa ne saboda na san halinmu da ƙarfe, tsohon bututun kamfani ba a barinsa ya kwana, 'yan gwangwan za su saye wani ya yi turken rumfa wani ya yi kwalbati wani ma ya ja ruwa da shi. Duk ranar da aka fara aiki a wajenku ku ja kunnen yara a kan wannan, da tsofaffin durom da jarkokin wurin, kada a zuba ruwan sha a ciki ko an wanke.

Abu_Hanifa_Zd:

To ni abin da ban gane ba, Holan ma ai sun rufe babban filin gas ɗinsu na Groningen saboda girgizar ƙasa ta tsattsaga gidajen mutane, shi ma ruwan ne? Kuma a Abuja an ji ƙasa ta motsa a Mpape a 2018 alhali ba a haƙar gas a can. Ashe mu ma ƙasarmu ba a kwance take ba kenan.

Injiniya_MK:

Malam Abu Hanifa, na Groningen daban ne. Can cire gas ɗin ne ya jawo, an kwashe shekaru tun 1963 ana zuƙa har matsin cikin dutsen ya faɗi ya fara lotsawa, tsagogin da ke cikinsa suka motsa, babbar ita ce ta Huizinge a 2012 mai maki 3.6, ƙarama ce a lissafi amma ba ta da zurfi kuma ƙasar wurin taushi gare ta shi ya sa ta yi ɓarna. Wato ragewa da yawa na iya jawowa, ƙarawa da yawa ma haka. Na Mpape kuwa da na Kwoi a Kaduna a 2016 ba ruwansu da gas, amma maganarka ta ƙarshe daidai ce, suna nuna cewa dutsen tushen ƙasar nan ma yana da tsagogin da kan motsa.

Anti_Mai_Burtsatse:

Assalamu alaikum. Injiniya sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira, bayaninka ba inda zan ce ba daidai ba amma ni ban kai ka natsuwa da abin ba, kuma zan faɗi dalili. Ni aikina binciken ruwan ƙasa ne, mu ne masu zuwa da waya da ƙarafa mu auna kafin a kawo motar haƙa, kuma yankin Bauchi da Gombe na san duwatsunsa.

Duk abin da ka lissafa, bututu uku da siminti da agogo, rijiyar da ake ɗurawa kaɗai yake karewa. Matsin da ka ce yana tafiya kilomitoci ai ba tsaga kaɗai yake samu a hanya ba, yana samun tsofaffin rijiyoyin da aka haƙa aka watsar ba a toshe da kyau ba, kuma ruwa duk inda ya ga sauƙi nan yake bi. Ku duba abin da ke faruwa a yammacin Texas. Da girgiza ta dame su, har da mai maki 5.4 a Nuwamban 2022, hukuma ta taƙaita ɗuri mai zurfi sai kamfanoni suka koma ɗurawa a dutsen da bai kai wancan zurfi ba. Girgiza ta ɗan yi sauƙi amma matsi ya taru a sama-sama, tsofaffin rijiyoyi suka fara amai, a gundumar Crane a farkon 2022 ruwan gishiri ya yi tsiri sama, a kusa da Toyah a Oktoban 2024 wani ya fi ƙafa 100 tsawo ya yi kwanaki yana feshi. Makiyaya ne ke kwana a ciki, filin kiwo ya zama farin gishiri. Ka gudu daga zurfi saboda girgiza ka matso sama ka kusanci ruwan mutane, duk inda ka juya da abin da za ka biya.

Sannan kashe famfo ba ya nufin an gama. A Denver sojojin Amurka sun ɗura dagwalon masana'antarsu a rijiya mai zurfin sama da kilomita 3 da rabi daga 1962 zuwa 1966, manyan girgizar sai a 1967 suka zo bayan an daina. Prague ta Oklahoma da aka yi mai maki 5.7 a 2011, a Fabrairun 2024 an sake yin mai 5.1 a wurin. Kamfani na iya tattara kayansa ya tafi matsin yana nan yana yawo, wa zai ɗauki alhaki a lokacin?

Yanzu mu dawo gida. A kwarin Gongola shimfiɗar da ke can ƙasa ita ce dutsen yashi na Bima, kuma shi zaune yake kai tsaye a kan dutsen tushe, ba wani abu a tsakaninsu. Kwarin Binuwai gaba ɗayansa tsagewar ƙasa ce ta haife shi lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, don haka tsagogi ba sai an nema ba. Duk injiniyan da ke neman dutse mai kauri mai ƙofofi da zai sha ruwa da yawa Bima zai fara kallo, kuma wannan zaman nasa shi ne irin zaman Arbuckle da kai da bakinka ka ce shi ya kawo matsala. Ƙari a kan haka Biman nan da ke da zurfi a wani wuri, a wani wurin fitowa yake sarari, mutanen Yola ruwansa suke sha. A sama kuma ga dutsen Kerri-Kerri wanda burtsatsen yankin su Malam Ɗan Duguri da yawa a cikinsa suke, kuma kowa ya san wahalar ruwa a kansa, sai an yi zurfi sosai kafin a samu, garin da burtsatsensa ɗaya ya lalace ba shi da na biyu. Ban ce kada a yi ba, amma kada wani ya zo ya ce mana ai haka ake yi a Amurka shi kenan. A Amurkan akwai na'urorin jin motsin ƙasa birjik, akwai bayanan ɗurin kowace rijiya a intanet kowa ya duba, da su aka kama abin, kuma duk da haka sai da aka yi shekaru ana musu kafin gwamnatin Oklahoma ta amsa a 2015.

Injiniya_MK:

Anti ranki ya daɗe, maganar Bima kin taɓo wuri mai muhimmanci kuma na yarda da ke a kanta. Inda zan ɗan tsaya shi ne yawa. Abin da ya karya Oklahoma da Texas ba wai ɗuri kawai ba ne, dubban rijiyoyi ne a yanki ɗaya suna cusa miliyoyin ganguna kullum cikin shimfiɗa ɗaya, kuma ruwan an ɗebo shi daga wani dutse an kai shi wani dabam, wato ƙari ne zalla. Rijiyar gas ta gargajiya ruwanta bai kai na mai ba, yakan zo ne daga baya in ta fara tsufa. Wadda ke fitar da ruwa sosai tun ranar farko ita ce ta gas ɗin cikin gawayin ƙasa, don sai an tsotse ruwan kafin gas ya saki, irin na kwarin Raton da ya jawo mai maki 5.3 kusa da Trinidad ta Colorado a Agustan 2011. Kuma yammacin Texas an shekara wajen 100 ana huda shi, tsofaffin ramuka ba iyaka, Gongola kuwa rijiyoyin da aka taɓa haƙawa ƙirgaggu ne, ana iya bin kowace a duba toshinta.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a mayar da ruwan cikin dutsen da aka ciro shi, ƙasa da inda man ko gas ɗin yake, ka cire ka mayar matsi bai hau ba. Kuma an daɗe da sanin cewa abin na jin magana, a Rangely ta Colorado tsakanin 1969 da 1973 masana sun yi gwaji da gangan, su ƙara matsi girgiza ta ƙaru su rage ta lafa. Ta fuskar doka kuma ba a fara daga sifili ba, ƙa'idojin kare muhalli na harkar mai da ake kira EGASPIN suna nan tun 1991 an sabunta su a 2002 da 2018, sun hana sakin wannan ruwan a tudu da fadama da bakin teku, kuma tun dokar man fetur ta 2021 hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai da gas ce ke ba da izini. In aka hana ɗuri fa ruwan ba ɓacewa zai yi ba, kududdufi za a haƙa a zuba a ce rana ta shanye, damina ta zo ya cika ya malala, shanu su sha. Tsakanin wannan da rijiya mai siminti ni dai na san wanda zan zaɓa.

Anti_Mai_Burtsatse:

Kududdufi kam ba ma a maganarsa, Injiniya, a nan bakinmu ɗaya. Amma doka a takarda ai Neja Delta ma tana da ita, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan Ogoni ya samu benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ninki 900 na abin da hukumar lafiya ta duniya ta yarda da shi. Ba ɗuri ne ya jawo wancan ba, amma ya nuna abin da ke faruwa in ba mai aunawa sai bayan shekaru.

Ɗan_Duguri:

Kai jama'a, Allah ya biya ku, wallahi na ƙaru fiye da yadda na zata. Yaya Mai Tanka maganar durom da bututu ta shige ni don na san tabbas za a yi, zan fara da ita a majalisa. Anti, tunda ke ce a kan ruwan, mu da ba mu da na'ura ba mu da ilimin, me za mu iya yi da hannunmu tun yanzu? In an kira taron masu ruwa da tsaki yawanci hakimi da dagatai ake zaunarwa a karanta musu turanci a tashi, ina so in ba su abin da za su riƙe su tambaya.

Anti_Mai_Burtsatse:

Ƙanena abu na farko ku auna ruwanku yanzu tun ba a fara komai ba. Duk rigimar da aka yi a Amurka tsakanin manoma da kamfanoni a nan take tsayawa, manomi ya ce kun ɓata min rijiya kamfani ya ce dama haka take, in ba takardar da ta nuna yadda take a da magana ta mutu. Ƙungiyar ci gaban garinku ta haɗa kuɗi a ɗebi ruwan kowane burtsatse da manyan rijiyoyi da rafin da dabbobi ke sha, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina don suna bambanta, a kai ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa. A ce a duba yawan gishiri gaba ɗaya, da kuloraid da buromid da bariyom da sitirontiyom, in da hali har da benzin da gas ɗin da ke narke a ruwan. Buromid da bariyom ɗin su ne masu tona asiri, ruwan sama-sama ba ya ɗauke da su da yawa, in suka hau daga baya an san daga inda suka zo. A rubuta rana da wurin da zurfin kowane burtsatse, a sa hannun wanda ya ɗiba da shaidu, kwafi ɗaya wajen hakimi ɗaya wajen ƙungiya ɗaya a ɗauka a waya. Akwai kuma 'yar na'urar auna gishiri kamar biro, masu gidan ruwan leda duk suna da ita kuma ba ta da tsada, malamin kimiyya na makarantar gari zai iya aunawa duk wata ya rubuta a littafi, in lamba ta yi tsalle a garzaya a yi babban gwaji.

A wajen taron kuma su dagatai ba sai sun iya turanci ba, su nemi a amsa musu da Hausa a kuma rubuta. Ruwan da zai fito ganga nawa ne a rana kuma ina za a kai shi, rijiya ko kududdufi ko tanka? In rijiya ce wane dutse za a ɗura wa, mita nawa ne tsakaninsa da ruwan sha ta sama, mita nawa tsakaninsa da dutsen tushe ta ƙasa? Tsofaffin rijiyoyin gwaji da ke kusa an duba toshinsu? Za a kafa na'urar jin motsin ƙasa kafin a fara, kuma wa zai riƙa ganin abin da ta rubuta ban da kamfanin? In an tashi tafiya wa zai toshe rijiyar kuma kuɗin toshewar yana hannun wa? Dokar tantance illar muhalli ta 1992 ta ce a baje rahoton aikin jama'a su gani su yi ƙorafi kafin a amince, don haka ku sa ido a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, in an ajiye ku samu mai karatu ya nemo babin ruwa. Dokar 2021 kuma ta tanadi asusun al'ummar da ake haƙa a yankinsu, kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikin kamfani na shekarar da ta gabata, in lokacinsa ya zo ku nemi a ware wani abu a ciki don gwajin ruwa duk shekara a ɗakin gwajin da ku kuka zaɓa. In kun samu sakamakon farko ka ɗora shi a nan, ni da Injiniya sai mu duba muku lambobin.